An kwantar da Baba ko Inna, kai kuma kana ƙasar waje: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Tunda mutane suka ji cewa na yi aikin jinya a gida kafin in zo Ingila, duk wanda aka kwantar masa da uwa ko uba a Kano, Zariya ko Sakkwato sai ya nemo ni. Neman ba ya damuna, iyaye ba abin wasa ba ne. Abin da ya ishe ni shi ne tambayoyin ba sa sauyawa, kuma tsakar dare ake yin su. Ga su nan na tara wuri ɗaya. A karanta kafin a buga min.

Ana barin mara lafiya ya riƙe waya a gado?

Ana bari. Ban da ɗakin tiyata da ɗakin kulawa ta musamman, waɗannan kada ma ka roƙa. Abin da zai raba ka da muryar Baba caji ne da masu dogon hannu. A sayi fawa banki mai kyau, a bar babbar waya a hannun mai jinya, shi kuma Baba a ba shi ƙarama mai madannai wadda ya saba da ita.

Da wane lokaci zan kira?

Nijeriya da Nijar ba sa taɓa agogonsu, naka ne ke yawo. In kana Ingila, lokacin sanyi gida na gabanka da awa 1, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kuwa agogonku ɗaya. New York na bayan gida da awa 6 a lokacin sanyi, 5 a lokacin zafi. Saudiyya na gaba da awa 2, Dubai 3, Malesiya da Sin 7. Sauran ka lissafa da kanka.

Kada ka kira da safe, lokacin zagayen likitoci ne, wani wurin ma fitar da 'yan'uwa ake yi daga ɗakin. Bayan la'asar ya fi. Bayan isha'i ka bar bawan Allah ya yi barci.

WhatsApp ba ya kira daga inda nake.

In Daular Larabawa kake, a toshe kiran yake, amma saƙon murya na wucewa, kuma akwai manhajar kira ta Botim. In Sin ce, WhatsApp ɗin gaba ɗaya a toshe yake, sai ka sa a buɗe wa ƙanwarka WeChat. Ko ina kake, ka tanadi kuɗin kira na kai tsaye zuwa layi, don ranar da data za ta ƙi.

Ƙanwata ce ke jinya, kuma ba ta ɗaga wayata.

To, me ka ce mata a kiran ƙarshe? Na san irinku. Yarinya ta kwana a kan tabarma a gefen gado ko a baranda, sauro ya gama da ita, da asuba ta yi wa Inna wanka ta sauya mata zani, ta bi layin biyan kuɗi, ta kai jini ɗakin awo, ta fita bakin asibiti neman allurar da babu a ciki, ta dawo kunun ya huce. Sai ga kiranka daga ɗaki mai ɗumi: "Me ya sa ba a yi kaza ba? Ina risitin jiya?" Ko gaisuwa babu. In ni ce ma ba zan ɗaga ba.

Ka sani ita ce idonka, ita ce kunnenka a asibitin nan, in ta yi fushi ka makance. Ka fara da "sannu da ƙoƙari", ka tambaye ta ko ta ci abinci, wa ke kula da 'ya'yanta a gida. Ka sa mata data ba sai ta roƙa ba. Ku sa lokaci ɗaya a rana da za ta aiko saƙon murya, kai kuma ka rarraba wa sauran 'yan'uwa, ba kowa ya dinga bugo mata da nasa ba. In da hali ka nemi wanda zai karɓe ta kwana ɗaya a mako, ko da biyansa za a yi. Wannan ya fi amfani a kan kuka a waya.

Kullum "da sauƙi" ake ce min. Ta yaya zan ji gaskiya daga bakin likita?

Yawwa, ga tambayar da ta cancanci a zauna a kanta. Amsar ta danganta da asibitin, da likitan, da halin gidanku, da kuma ko Baba yana cikin hayyacinsa.

Da farko ka cire rai da cewa za ka buga wa asibiti a haɗa ka da "likitan Baba". A asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano, ko na Shika, ko na Usmanu Ɗanfodiyo, rukuni guda ne ke duba mara lafiya: babban likita a sama, masu neman ƙwarewa a ƙarƙashinsa, sai sababbin likitoci masu shekarar koyon aiki. Babban ba kullum yake zagaye ba. Wanda ya fi sanin yadda Baba ya kwana shi ne ƙaramin likitan da ya yi aikin dare da nas ɗin da ke rubuta awo. Kuma kowannensu na da gadaje da yawa a wuyansa, tunda da yawanmu mun tattara mun yi waje, har da mai wannan rubutu.

Na biyu, akwai doka. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanin mara lafiya sirri ne, ba a fitar da shi sai da yardarsa a rubuce, ko umarnin kotu da makamantan haka. Saboda haka likitan da ya ƙi zayyana wa wata murya da ta bugo da lambar waje ciwon Baba bai yi maka wulaƙanci ba, aikinsa ya yi. Wannan dokar kuma ita ta ba mara lafiya haƙƙin a gaya masa halin da yake ciki da hanyoyin magani, cikin harshen da yake ji in da hali. Hanyar ke nan: Baba da bakinsa ya ce wa likita, "Wannan ɗana ne, a gaya masa komai," in an samu a rubuta a fayil ya fi. In ba ya iya magana, wanda aka rubuta sunansa a matsayin makusanci ranar kwantarwa shi za a saurara, ko da kai ne babba, ko da kai ke biyan kuɗi. Kada ka yi faɗa a kan wannan, ka bi ta hannunsa.

Abin da na ga yana yi, ba kullum ba amma sau da yawa: mai jinya ta jira a gama zagaye, ta tari ƙaramin likita cikin ladabi, "Likita don Allah, yayana yana waje, ko za ka ba shi minti biyu?" Wani zai karɓa, wani zai ce a dawo da rana, wani zai ce ita ta gaya maka. In an karɓa, tambayoyinka su kasance a rubuce a gabanka. Mene ne sunan ciwon, a taimaka a rubuta shi a takarda? Me ake jira yanzu, sakamakon awo ne ko tiyata? Me za mu gani mu san ana samun ci gaba, me za mu gani mu san abu ya tsananta? Akwai abin da yake buƙata wanda babu a nan? Ka yi godiya ka ajiye. Kada ka naɗi muryarsa a ɓoye, kuma don girman Allah kada ka ce masa "a nan ba haka ake yi ba". Daga ranar ka rufe wa kanka ƙofa, wataƙila har da ƙanwarka.

Amma fa ka yi tunani kafin ka zargi 'yan gida da ɓoyo. Wani lokaci su ma ba su sani ba, an yi musu bayani da Turanci sun ce "to". Wani lokaci likitan ma sakamako yake jira. Wani lokaci kuma Baba ne da kansa ya ce, "Kar a tayar wa yaron nan da hankali, yana ƙasar mutane." In haka ne, umarninsa ake bi, kuma yana da iko da sirrinsa. Akwai ma juyin wannan, inda za a gaya maka komai a ce kar ka gaya wa Baba. Ni ba na son haka, galibi dattijo ya riga ya gane, yana kuma da bashi da wasiyya da yake son faɗa. Sai dai ba daga Landan ake yanke wannan ba, a zauna da likita da manyan gida.

Kafin nan, ka sauya tambaya. Bar "ya jiki?" a wurin gaisuwa. Tambayi abin da ido ke gani: ya ci abinci, kamar cokali nawa? Da ƙafarsa ya je banɗaki ko riƙe shi aka yi? Sallah a zaune ko a kwance? Ya gane waɗanda suka zo dubiya? An sa masa iskar oksijin? Ƙarin ruwa na nan ko an cire? Wanda ya yi niyyar ɓoye maka ma zai sha wuya da waɗannan. Abin da ya shafi fitsari da bayan gida na Inna, in kunya ta hana ka, sa 'yar'uwarka mace ta tambaya, amma a tambaya, don likitoci na lura da shi ƙwarai.

Takardun awo da ke hannun iyali a ɗauko maka hotonsu. In kana da aboki likita ka nuna masa ya fassara maka, amma shi takarda ya gani, bai ga mara lafiya ba, kada ya sauya magani daga nesa. In kana son abu a rubuce, ana neman rahoton likita a hukumance, da ɗan kuɗi, yana kuma ɗaukar kwanaki. Ka nema da wuri, zai yi maka amfani wurin neman hutu ma.

In yi kiran bidiyo?

In ya yarda. A ɗakin mata ka bari a gyara, a ja labule, a juya waya ta kalli Inna ita kaɗai, matan mutane ne kwance a sauran gadajen. Kuma hoton uba da roba a hanci ba na sitatus ba ne. Wanda zai yi addu'a zai yi ko bai gani ba.

Wa zan tura wa kuɗi?

Mutum ɗaya, asusu ɗaya, a ajiye risitai a leda ɗaya. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya a Nijeriya daga aljihun mutane yake fita, kuma yawanci sai an biya ake awo ko ba da magani, don haka a bar wani abu a hannun mai jinya saboda dare. Tun 2024 Babban Banki ya ce kuɗin da aka aiko ta kamfanonin tura kuɗi a naira za a biya. In saƙo ya zo "turo yanzu yanzu" da sabuwar lambar asusu, kira ka ji murya tukuna. Ana sace WhatsApp ɗin mutane.

In aiko da magani daga nan?

A'a, sai in likitansa ya rubuta suna da ƙarfi. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac na iya ƙarasa ƙodar da ta riga ta raunana. Haka za ka gaya wa goggon da ke shigo da jiƙo a cikin fulas.

An ce a kawo jini, ni ga ni a nan.

Kana da abokai a unguwa ko ba ka da su? Kira su. Wannan kam ana yin sa daga ko'ina.

Tunda ɓarin jikinsa ya shanye ba ya magana. Kiran na da amfani?

Yana da shi, kwantar da hankalinka. Da yawa daga cikinsu suna ji suna ganewa, fitar da maganar ce ta gagara. A kara masa waya a kunne, ka yi sallama, ka faɗi sunanka, ka ba shi labarin jikoki a taƙaice, kada ka jero tambayoyin da ba zai iya amsawa ba. In kuma wata rana da yamma ya kira ka da sunan ƙaninsa da ya rasu, kada ka ruɗe. Rikicewa na samun tsofaffi a asibiti, ta fi tashi da dare, kuma sau da yawa tana wucewa. Amma a gaya wa nas, tana iya zama alamar zazzaɓi ko wani abu a jini.

In taho gida?

Duba takardunka kafin ka duba farashin tikiti. Mai neman mafaka ko wanda bizarsa ta ƙare, fita na iya zama fita ke nan, ya nemi lauya. Mai iƙama a Saudiyya sai da bizar fita da dawowa. Mai jiran zaman dindindin a Ingila ta hanyar aiki ya lura da ƙa'idar da ta ce kada ya wuce kwana 180 a wajen ƙasar a cikin wata 12. A Amurka dokar FMLA na ba da har mako 12 ba albashi don jinyar iyaye, in ka shekara a wurin kuma ma'aikatansu sun kai 50. A Ingila tun Afrilun 2024 akwai hutun mako 1 ba albashi ga mai kula da wanda ke doguwar jinya.

In takardu lafiya, kuma likita ya fara cewa "a sanar da 'yan'uwa", taho. A wurinmu ba a jiran jirgi, wanda ya cika da safe kafin la'asar an kai shi. In kuwa kuɗin tikitin shi ne na wankin ƙoda, zauna ka biya, kuma kada ka bari surutun dangi ya sa ka ji kamar ka yi laifi.

An sallame shi. Shi ke nan?

A'a. Rubuta ranar komawa asibiti a wayarka, ka tuna musu ana gobe. Maganin hawan jini da na suga ba a dainawa don an ji sauƙi, sa kuɗinsu cikin lissafinka na kowane wata. Ƙanwarka kuma a aika mata da turmin atamfa.