Hanuka Ba Kirsimetin Yahudawa Ba Ce

Don Hanuka, bikin Yahudawa na kwana takwas, takan faɗo a Disamba, an daɗe ana ɗaukarta Kirsimetin Yahudawa. Ko kusa! Ta ma girmi haihuwar Annabi Isa.

A shekara ta 164 kafin Miladiyya, jagoran Yahudawa Yahuda Makabi da dakarunsa suka ƙwato Haikalin birnin Ƙudus daga hannun Sarki Antiyokus na huɗu, wanda ya haramta addininsu, suka tsarkake shi. An ruwaito cewa man fitilar da suka tarar na kwana ɗaya ne, sai ya kai kwana takwas. Shi ya sa kowane dare ake ƙara kyandir ɗaya a bakin taga, ana toye-toye da mai.

Hanuka ba ta cikin idodin Attaura, ana ma zuwa aiki cikinta. Yawan kyaututtukan kuwa a Amurka ya bunƙasa, saboda maƙwabtaka da Kirsimeti.