Yadda Renoir Ya Zana Ƙaramar Irène da Fentin Mai: Tambayoyi da Amsoshi

Wane zane ne wannan?

Hoton Irène Cahen d'Anvers ne, 'yar wani attajirin banki Bayahude a birnin Paris. Pierre-Auguste Renoir, mai zane ɗan ƙasar Faransa, ya zana shi a 1880, tana da shekara 8, a kan ƙyalle mai tsawon santimita 65 da faɗin 54. Tana zaune ta ba da gefe, hannuwa a cinya, jan gashinta ya zubo kan kafaɗa, bayanta ganye ne kore mai duhu. 'Yan Nazi sun wawashe zanen a Yaƙin Duniya na Biyu, aka mayar wa Irène a 1946, ta sayar wa Emil Bührle, wani attajirin mai ƙera makamai kuma mai tara zane-zane, a 1949. Yanzu yana birnin Zurich na Suwizalan.

Me ya sa ake cewa salon Imfireshonis ne?

Masu wannan salo, da suka fara baje kolinsu a Paris a 1874, haske suke bi fiye da layi. Sukan ɗora launuka gefe da gefe da gajerun shafe-shafen buroshi, su bar ido ya haɗa su daga nesa. Amma a lura, Renoir bai yi wa fuskar yarinyar haka ba. Fuskar sumul take, an yi ta a tsanake. Gashi da riga da ganyen ne ya sake wa hannu. A ganinmu, nan gwanintar take, kuma nan masu koyo suka fi kuskure, don sukan yi wa ko'ina dabbare-dabbare iri ɗaya har kamannin su ɓace.

Ga mai son yin irin wannan zane, ta ina ake farawa?

A shafe ƙyallen da farar shimfiɗa, don haske ya riƙa ratsowa ta ƙarƙashin launi. A tsinka fenti da tafentain (ruwan sinadarin da ake tsinka fentin mai da shi) a fitar da siffar kai da kafaɗu. Daga nan manyan wuraren haske da inuwa, sannan ido da baki. Launi shida sun wadatar: fari, rawaya, ja biyu (mai haske da mai duhu), shuɗi da kore. Farin dalma da aka yi amfani da shi a zamanin Renoir guba ne, a nemi farin titaniyam.

Me ya sa fuskar yarinya kan fito kamar ta babbar mace?

Yawanci wurin ido ne. A babba, ido yana tsakiyar kai. A ƙaramin yaro yana ɗan ƙasa da haka, goshi ya fi faɗi, hanci gajere, haɓa ƙarama. Da an ɗaga idon sama, an ƙara mata shekaru. Na biyu, kaifin layi daga gefen hanci zuwa baki yana tsofar da fuska nan take. A narkar da shi da busasshen buroshi mai laushi. Inuwar kumatu ma kada a sa mata baƙi, domin yana dusashe fata. A haɗa shuɗi da ɗan ja a cikin launin fatar. Yaro kuma ba ya jure dogon zama, minti 15 zuwa 20 sai a ba shi hutu.

Me ke kawo tsagewa da dusashewa?

Idan shafin ƙasa ya fi na sama mai, na saman zai riga bushewa, na ƙasan ya ci gaba da motsi, sai fenti ya tsattsage. Don haka kowane sabon shafi ya ɗan fi na baya mai. Man linsid, wanda aka fi haɗa fenti da shi, yana komawa rawaya idan ya tsufa, shi ya sa ake haɗa fari da shuɗi mai haske da man fofi (man 'ya'yan wani fure mai suna fofi), ko da yake ya fi jinkirin bushewa. Wasu jajayen launuka kuma ba sa jure haske: a hoton Madam Clapisson da Renoir ya zana a 1883, wanda ke Chicago, jan da ke bayanta ya koɗe sosai.

Yaushe ake shafa banish, wato shafin ƙarshe mai kare zane?

Bayan wata 6 zuwa 12. Fentin mai yakan bushe a sama cikin kwanaki, amma cikinsa da saura. Kafin nan a jingine zanen yana fuskantar bango ba tare da ya taɓa shi ba, don ƙurar da ta manne a ɗanyen fenti ba ta fita.