Kusar naɗi

Kusar naɗi kusa ce da ake jerawa a kan siririyar waya biyu ko zaren roba, a naɗe ta kamar gammo, a saka ta cikin bindigar buga kusa mai aiki da iskar kwampreso, wato injin matse iska. Naɗi ɗaya kan ɗauki kusa 200 zuwa 300, na rufi kuma 120, alhali jerin sanda, wato kusar da aka jera a miƙe, ba ya wuce 'yan gomiya. Shi ya sa ake zaɓen ta a aikin da bugu ke da yawa, kamar haɗa akwatunan kaya, katakon ɗora kaya a sito, shingen katako da falankin zubin kankare.

Tarihi

Tun zamanin Rumawa maƙera ke ƙera kusa ɗaya bayan ɗaya. A sansanin sojan Rum na Inchtuthil da ke Sikotilan an tono kusoshi fiye da 800,000 a wajen 1960, waɗanda ake jin sojoji ne suka binne su a ƙarshen ƙarni na 1 don kada ƙarfen ya faɗa hannun abokan gaba. Injin yanka kusa daga falan ƙarfe ya bayyana a Amurka a shekarun 1790, kusar waya kuma, wadda ake yankowa daga wayar ƙarfe, ta bazu daga Faransa a ƙarni na 19. Ita ce kusar da kowane kafinta ya sani a yau, kuma daidaiton girmanta ne ya sa aka iya jera ta don inji.

Akwai saɓani kan wanda ya fara ƙera bindigar kusa. An fi ambaton injiniya Morris Pynoos da aikin jirgin saman katako na attajirin Amurka Howard Hughes a shekarun 1940. Bindigogi masu aiki da iska sun shiga kasuwa a shekarun 1950, mai cin naɗi kuma ana danganta ta da kamfanin Bostitch a wajen tsakiyar shekarun 1960.

A ƙasar Zazzau ginin gargajiya bai dogara da kusa ba. Magina na ɗora azara ne su lulluɓe ta da ƙasa, kamar yadda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a Masallacin Juma'a na birnin Zariya a wajen shekarun 1830. Kusar masana'anta ta yaɗu tare da kwanon rufi bayan layin dogo ya iso garin a wajen 1911, aka kafa Sabon Gari, inda har yanzu ake cinikin katako da kayan gini.

Yadda ake zaɓe

Bindigar ce ke fara yanke hukunci. Yawancin kusar naɗi ana jera ta ne a karkace da digiri 15 ko 16, kuma kowace bindiga na da iyakar tsawo da kaurin da take ɗauka, a rubuce a jikinta ko a takardarta. Wanda ya cusa mata abin da ba nata ba, sai ta riƙa cijewa. Tsawon kusar kan kama daga milimita 25 zuwa 100, kauri daga wajen 2.1 zuwa 3.8. Ƙa'idar kafintoci ita ce tsawon kusa ya ninka kaurin katakon sama sau biyu da rabi zuwa uku.

Jikin kusa iri uku ne. Mai santsi ta fi araha da sauƙin zarewa, don haka ta dace da falankin kankare da za a kwance bayan zubi ya bushe. Mai zobba na riƙe katako mai laushi irin obece da malaina, ba ta zamewa idan katakon ya tsuke da rani. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a Zariya, inda katakon da aka kawo daga kudu da ɗanshinsa kan bushe ya motse da zarar hunturu ya shigo. Mai murɗi kuwa tana juyawa yayin shiga, ta fi kamawa a katako mai tauri kamar maɗaci da iroko. A irin wannan katako bakin kusa mai dakushi ya fi mai tsini rage tsagewa.

Sai batun tsatsa. Kusa marar shafe ta cikin ɗaki ce kawai. Wadda aka yi wa siririn shafen zinki da lantarki ba ta daɗewa a waje. Wadda aka tsoma a narkakken zinki ita ce ta fuskantar damina. Katakon da aka jiƙa da maganin gara mai sinadarin tagulla yana cin ƙarfe, sai a nemi mai kaurin zinki ko ta ƙarfen da ba ya tsatsa.

Kusar naɗi ta rufi, gajeriya mai faɗin kai, an yi ta ne don rufin kwalta da ake shimfiɗawa a kan falanki. Ba ta maye gurbin kusar kwano mai hula ko sukurori masu wosha, kuma iskar farkon damina ba ta raga wa kwanon da aka kafa da ita.

Amfani a yau

A gine-ginen gidaje na Samaru da Tudun Wada da ke Zariya guduma ce har yanzu ke mulki, domin bindiga na buƙatar kwampreso mai ƙarfin bar 5 zuwa 8 (bar ma'aunin matsin iska ne), shi kuma yana buƙatar wuta ko janareto.

Haɗari

Raunin da aka fi samu a hannu da yatsu ne. Guntun waya kuma kan fantsama zuwa ido, don haka ake sa tabarau.