Wai mene ne "vintage"? Bari mu auna kalmar a jikin tsohon injin sassaƙa ƙarfe

Wannan kalma ta vintage ta cika gari kwanan nan. Riga mai furanni vintage, agogon hannu vintage, keken ɗinkin kaka vintage, har na ji mai tallan kaya a rediyo yana cewa sun sauke "sababbin vintage", wato kaya fil daga kamfani amma kuma wai vintage. Vintage na riga bai dame ni ba, wannan ya zama sunan yayi a bakin samari kuma kowa ya san me ake nufi. Abin da ya tsaya min a rai shi ne wani talla da na gani na ƙaramin injin sassaƙa ƙarfe, wanda Turawa ke kira lathe, irin wanda makanike ke kai wa aiki idan yana son a fere masa bushi ko a yanka zare a jikin ƙarfe. An wanke shi an shafa masa fenti yana ta ƙyalli, an rubuta vintage da manyan baƙaƙe an ɗora kuɗi mai nauyi, amma babu shekarar ƙira, babu lambar inji, babu ko kalma ɗaya kan yadda yake aiki.

To ita kalmar daga gona ta fito. A Latin akwai vindemia, ma'anarta tsinkar inabi, ta bi ta Faransanci ta zama vendange, Ingilishi ya karɓa ya ce vintage. Da farko girbin inabi kawai take nufi, daga baya ta koma nufin shekarar da aka yi girbin, saboda masu harkar barasar inabi a Turai sun lura amfanin wata shekara ya fi na wata kyau gwargwadon ruwa da rana. Duk manomi ya san wannan ba sai an yi masa bayani ba, geron shekarar da damina ta yi albarka daban yake da na shekarar fari, alhali gona ɗaya ce iri ɗaya ne. Kenan aikin kalmar tun asali shi ne ta faɗa maka YAUSHE. A asalinta ba ta ɗauki alkawarin cewa abin yana da kyau ba, domin shekarar fari ma ai shekara ce, ita ma tana da nata girbin. Shi ya sa ni a wurina duk wanda ya ce maka vintage bai biyo da shekara ba, bai gaya maka komai ba, kamar a ce maka "hatsin shekarar" ne a yi shiru.

Masu ɗaukar kalmar da gaske suna yi mata iyaka. A Ingila masu tsofaffin motoci idan sun ce vintage suna nufin motar da aka ƙera tsakanin 1919 da 1930. Kasuwar intanet ta Etsy ba ta yarda ka kira kaya vintage sai sun kai shekara 20. Antique kuma daban ne, shi sai abu ya kai shekara 100. Mu a nan muna da tokumbo da Beljiyam da gwanjo, waɗannan suna gaya maka an yi amfani da kayan ne a wani wuri kafin su iso, ba ruwansu da zamani. Yanzu duk an zuba su a tukunya ɗaya, sai a zaɓi wadda ta fi daɗin ji a kunne a liƙa wa kaya don kuɗin ya tashi.

Dawo kan injin. Waɗannan ƙananan injuna suna da kasuwa ta musamman a Ingila da Amurka, wurin mutanen da ke da ɗan shago a bayan gida suna ƙera ƙananan jiragen ƙasa masu tururi ko gyaran agogo don sha'awa kawai. A Ingila sunan da ya fi tashe shi ne Myford na garin Beeston kusa da Nottingham. Sun fito da ML7 a 1946, suka biyo da Super 7 a 1953, masana'antar ta rufe a 2011 wani kamfani ya sayi sunan. A Amurka akwai South Bend da aka kafa a 1906 a jihar Indiana, sai Atlas na garin Kalamazoo wanda kamfanin kantunan Sears ya riƙa sayar da injunansa da sunan Craftsman. Duk za a iya ce musu vintage kuma ba ƙarya aka yi ba, amma Atlas ya yi giyoyinsa da wani haɗin zinki mai suna Zamak don sauƙin kuɗi, Super 7 kuwa tun yana sabo ya fi ML7 tsada da inganci. Kalma ɗaya ta lulluɓe su duka ta ɓoye bambancin da shi ne ma mai saye yake biya.

Kuma ko inji biyu ne ƙirar shekara ɗaya kamfani ɗaya, kuɗinsu zai iya yin nisa kamar sama da ƙasa. A nan ne nake son a tsaya sosai. Ran wannan inji yana jikin gadonsa, wato dogon ƙarfen da keken wuƙa ke zamewa a kai. Yawancin aiki gajere ne, kusa da bakin da ke riƙe ƙarfe ake yinsa, don haka shekara hamsin keken yana kai da komo a ɗan taƙi guda, wurin sai ya cinye ya yi kwari, can ƙarshen gadon kuma yana nan kamar sabo. Ido ba lallai ya gani ba, hannu ne ke ganewa. Ka kawo keken kusa da bakin, ka ɗan ɗaure shi yadda zai tafi da ɗan nauyi, sai ka murza shi zuwa ƙarshe. In ya yi tauri ya cije a hanya, gadon ya ci. Injin da gadonsa ya ci, in ka sa masa doguwar sanda gefe ɗaya zai fito ya fi ɗaya kauri, kuma gyaran sai an kai an goge gadon gaba ɗaya a babban inji, kuɗin da sau da yawa ya kusa kamo kuɗin injin kansa. Fenti ba ya maganin wannan. Gaskiya ni sabon fenti a tsohon inji ƙara min shakka yake, na fi son in ga tsohon fentinsa da mai a jiki, alamar mai shi yana zuba masa mai.

Bayan gado sai sandar da ke juya bakin, ka sa dogon ƙarfe a ciki ka ɗaga ka ji ko tana motsi, in akwai agogon awo ka ɗora ka gani. Ka murza hannayen gaba da baya ka ji yawan wasan da ke ciki kafin wuƙa ta motsa, ɗan wasa kaɗan ba laifi, kowane tsohon inji yana da shi. Ka leƙa giyoyi ko akwai karyayyen haƙori. In da hali a kunna, a yanka ƙarfe a gabanka, ka auna.

Sai kayan da ke biyo shi, wanda mutane ke rainawa. Bakin riƙo mai haƙori uku da mai huɗu, cikakken saitin giyoyin canji na yanka zare, wuƙaƙe, madogarin dogon ƙarfe. Inji tsirara da inji mai cikakken kaya ba kuɗinsu ɗaya ba ko kusa, domin in ka ce ɗaya bayan ɗaya za ka nemo su daga waje za ka gane kurenka. Akwai kuma wani abu da ya shafi duk mai son kawo irin wannan inji Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya ci abinci da shi: yawancinsu da lissafin inci aka ƙera su, alhali notunan babura da motocin da ke kan titinmu na milimita ne. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, ka ninka sau biyar ka samu 127, shi ya sa ake buƙatar giya mai haƙori 127, ko wasu da ke kusanta lissafin, kafin injin ya yanka zaren milimita. In na Amurka ne kuma motar lantarkin da ke juya shi ta wutar 110 ce, tamu 230, wannan ma wani kashe kuɗin ne. Bature mai sha'awa zai iya biyan kuɗin suna da tarihi don tsohon doki sai mai shi, kai da za ka nemi na cefane da injin ba dole ka biya masa wannan ba.

Wani kuskuren da ke ba ni haushi shi ne a buɗe kasuwar intanet ta eBay a ga wani ya rubuta kuɗi sai a ce "ai haka ake sayar da shi a Ingila". Haba. Mu da muka tashi a kasuwa mun san kuɗin da mai kaya ya yanka daban, tayi daban, sallama daban. Talla zai iya yin wata shida a rataye ba wanda ya taya. A eBay ɗin akwai wurin da ake duba kayan da aka riga aka sayar, can ne kuɗin gaskiya yake, ka duba guda biyar ko shida masu irin lafiyar naka da irin kayansa. Daga nan ka cire kuɗin gyara, ka cire na kayan da babu, ka sa na dako da kwastan in daga waje ne, sannan ka tambayi nawa sabon ƙaramin injin China mai irin girmansa yake, irin na Sieg da ake ƙerawa a Shanghai. Lafiyayyen Myford ya cancanci ya fi shi kuɗi, wannan ban musa ba. Wanda gadonsa ya cinye kuwa sabon na China zai fi shi yanka daidai.

Shi mai tallan nan na tura masa saƙo na ce ya turo min lambar da ke buge a jikin gadon, da ita ake gano shekarar ƙira, da hoton giyoyin canji a jere, da ɗan bidiyo yana yanka sanda mai tsawon taƙi ya auna kai da gindi. Ya amsa min da cewa injin vintage ne na asali, in ina so in zo da kuɗi. Na sake tura masa tambayoyin nan uku, yau kwana tara ke nan.