Waiwaye: Yadda injinan Debian suka karɓi aikin haɗa manhajoji

Duk wanda ya ɗora manhaja a kwamfutar da ke aiki da Debian, wato tsarin gudanar da kwamfuta da aka gina a kan Linux, abin da ya sauke kunshi ne da aka riga aka haɗa daga ɗanyen rubutun da masu shirya manhajar suka yi. Ɗanyen rubutun a fili yake, kowa na iya karantawa. Amma wa ya haɗa kunshin, kuma a kan wace na'ura?

Lokacin da Ian Murdock ya kafa Debian a 1993, kowane mai kula da kunshi a kwamfutarsa yake haɗawa ya tura. Da aka fara kai Debian kan wasu nau'o'in masarrafa, irin su m68k na tsofaffin Amiga da Atari, sai aikin ya fi ƙarfin hannu. A ƙarshen shekarun 1990 aka samar da injinan da ake kira buildd, masu ɗaukar sabon kunshi da kansu su haɗa shi. Fitowar Debian mai suna Sarge a 2005 ta zo da nau'o'in masarrafa goma sha ɗaya, kuma a shekarar ce wani taro a Vancouver ta Kanada ya jawo ce-ce-ku-ce, saboda ya ba da shawarar a sauke duk nau'in da injinansa ba sa iya bin sahun sauran. Haka m68k ya faɗi kafin fitowar Etch a 2007. Har gobe wannan ma'auni na aiki: Debian 13 ta 2025 ta karɓi nau'in riscv64, ta ajiye nau'in mipsel.

Tsaro kuwa ya fi wannan ɗaure kai. A Nuwamban 2003 masu kutse sun shiga na'urorin Debian guda huɗu, suka yi amfani da wata kafa da ke cikin Linux kanta, aka rufe komai ana tantancewa. Duk da haka an ci gaba da karɓar kunshin da mutum ya haɗa a gida, wanda ba wanda zai iya rantsewa cewa ya yi daidai da rubutun da aka nuna. Ko mai shi mutumin kirki ne, kwamfutarsa fa? A ganina an daɗe ƙwarai ana kawar da kai daga wannan. Sai a Yulin 2019, bayan fitowar Buster, aka yanke cewa kunshin babban rumbu ba zai wuce zuwa fitowa ta gaba ba sai injinan buildd ne suka haɗa shi.

To su injinan wa ke duba su? Amsar ta fara fitowa a taron shekara-shekara na Debian, DebConf, na 2013 a Suwizalan, inda aka ɗauko dabarar da masu Bitcoin da Tor, manhajar ɓoye sawu a intanet, suka riga suka gwada: idan mutum biyu suka haɗa rubutu ɗaya, dole sakamakon ya zo iri ɗaya sak. Da jin sa kamar mai sauƙi, amma abubuwa ƙanana ne suka yi ta hana ruwa gudu, kamar lokacin da aka haɗa kunshin, da sunan babban fayil, da jerin yadda fayiloli suka shigo. Ɗaya bayan ɗaya aka bi su. A 2017 ƙa'idojin Debian suka ce ya kamata kowane kunshi ya cika wannan sharaɗi, yanzu kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na cikawa a gwaji. Kutsen da aka yi wa kamfanin manhaja SolarWinds, wanda aka bankaɗo a Disambar 2020, inda aka gurɓata wurin haɗa manhaja na kamfanin, ya nuna cewa ba tsoron banza ake ji ba.

Sai dai a Maris ɗin 2024 wani injiniyan manhaja, Andres Freund, ya gano ƙofar sirri ta kutse a cikin xz, manhajar matse fayiloli, fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1. An ɓoye ta ne a cikin fayilolin gwaji da kuma waɗanda ke ba da umarnin haɗawa, ta yadda injin zai haɗa gubar da kansa, kuma ko sau goma aka maimaita sakamako ɗaya za a samu. Ta shiga rassan gwaji na Debian, ba ta kai ga tsayayyar fitowa ba. Mutum ɗaya ɗan sa-kai ne ya yi shekaru yana ɗauke da xz shi kaɗai, kuma gajiyarsa ce ta ba mai kutsen damar samun amana. Dubban kunshi a rumbun Debian na hannun irinsa a yau, ba albashi, ba mataimaki.