Waiwaye: Yadda tsuntsun fezant ya cika gonakin Amurka, daga baya ya fara ƙaranci

Fezant ɗin nan da maharban Amurka ke ji da shi asalinsa ba ɗan can ba ne, daga Asiya aka kai shi. Dangin fakara ne, namijin na da doguwar wutsiya da farin zobe a wuya. A 1881 ne Owen Denny, ƙaramin jakadan Amurka a Shanghai, ya fara turo su jihar Oregon ta jirgin ruwa, suka ko samu wuri suka yi ta hayayyafa. A 1908 aka sake su a South Dakota, 1919 har an buɗe farautarsu a can.

Abin da ya riƙe su ciyawa ce. Macen a ƙasa take yin sheƙa cikin duhuwar ciyawa, ta kwanta kan ƙwai kwana 23, to in injin yankan ciyawa ya bi ta kanta a lokacin shikenan, uwa da ƙwai duk sun tafi. Shi ya sa da gwamnati ta kawo shirin Soil Bank a 1956 tana biyan manoma su bar wasu gonaki su huta, tsuntsayen suka yi yawa sosai. Da aka shiga shekarun 1970 aka ce kowa ya nome gonarsa kaf har bakin iyaka, aka share shingaye aka busar da fadamu, sai adadinsu ya yi ta faɗuwa. A jihar Pennsylvania da aka harbi sama da miliyan ɗaya a 1971, yanzu na dajin sun kusa ƙarewa.

Sai hukumomi suka koma kiwonsu a keji ana saki, kuma nan ne abin ke damuna gaskiya, don tsuntsun da ya tashi ana zuba mai tsaba bai san dila ba bai san shaho ba, yawancinsu ba sa kai lokacin ƙwai. Maharba na samun na harbi dai, amma dajin ba ya cika.

A 1982 aka kafa ƙungiyar Pheasants Forever a Minnesota don gyara musu mazauni, 1985 kuma wani shirin gwamnati mai suna CRP ya dawo da biyan manoma su shuka ciyawa, tsuntsayen suka farfaɗo. Filin da ke cikin shirin ya kai eka miliyan 36 da ɗoriya a 2007, amma da masara ta yi tsada manoma da dama suka sake saka garma a ciki.