Kiyaye namun daji a gandayen farauta na Birtaniya

Gandayen farauta filaye ne na masu zaman kansu a Birtaniya, waɗanda ake kula da su domin harbin tsuntsaye a lokacin da doka ta yarda. Wasu gonakin hatsi ne da ƙananan kurmi a tsakaninsu, wasu kuma tuddai ne marasa itatuwa a arewacin Ingila da Sikotlan. Tsuntsayen da ake yi wa hidimar su ne fizan mai doguwar jela, ɗan asalin Asiya, wanda girmansa ya yi kusa da na zabo, da makwarwar Turai iri biyu, mai ruwan toka da mai jar ƙafa, sai jar kazar tudu, wadda ba a kiwonta a keji. Da yake tsuntsu ba ya zama inda babu ci da mafaka, gyaran muhalli ya zama babban aikin gandu, halittun da ba a nufe su ba kuma suna cin moriyarsa.

Tarihi

Ba a tabbatar da lokacin da fizan ya shiga Ingila ba. Wasu na cewa Rumawa ne suka kawo shi, wasu na danganta shi da mutanen Normandi a wajajen ƙarni na 11. Makwarwa mai jar ƙafa daga Faransa aka kawo ta, ta zauna da gindinta a yankin Suffolk a wajajen 1770.

Dokar farauta ta 1831 ta tsayar da lokutan harbi a Ingila da Wales, kuma har yau su ake bi: kazar tudu daga 12 ga Agusta zuwa 10 ga Disamba, makwarwa daga 1 ga Satumba, fizan daga 1 ga Oktoba, su biyun zuwa 1 ga Fabrairu. A tsakiyar ƙarni na 19 aka samu bindigar da ake ɗura wa harsashi ta baya, jirgin ƙasa kuma ya sauƙaƙa wa attajiran Landan zuwa tuddan arewa. Daga nan salon kora ya bunƙasa: maharba su jeru a wuri guda, masu kora su taso tsuntsaye su bi ta samansu. Gidan sarauta ya sayi gandun Balmoral a 1852 da na Sandringham a 1862, Maharaja Duleep Singh, tsohon sarkin Punjab ta Indiya, kuma ya mai da Elveden, wadda ya samu a 1863, ɗaya daga cikin mashahuran gandaye. Ƙananan kurmi da yawa da ake gani a gonakin Ingila a yau, a wancan zamanin aka dasa su, ko aka bar su tsaye, don fizan ya sami maɓoya.

Zamanin ya bar ɓarna mai girma. A 1911 masu tsaron gandu sun kai kimanin 23,000, kuma aikinsu ya haɗa da kashe duk abin da ke da farce ko lanƙwasasshen baki, da tarko da guba da bindiga. Jar shirwa ta ƙare a Ingila da Sikotlan, 'yan kaɗan suka rage a Wales. Gaggafa mai farar jela ta ƙarshe a Birtaniya, a tsibiran Shetland na Sikotlan aka harbe ta a 1918. Makiyaya da masu tara ƙwai suna da hannu, amma kason gandaye ba ƙarami ba ne. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya rage masu tsaron, sai kuma dokar 1954 ta ba kusan duk tsuntsaye masu farauta kariya.

Bincike

A 1931, bayan wata cutar tsutsa ta karkashe makwarwa, Manjo H. G. Eley, na kamfanin ƙera harsashi, ya buɗe tashar bincike a Knebworth. Ita ce tushen ƙungiyar da ake kira Game & Wildlife Conservation Trust tun 2007, mai hedikwata a Fordingbridge. A 1968 masanin kimiyya Dick Potts ya fara bibiyar makwarwa mai ruwan toka a gonakin Sussex, ya nuna cewa maganin ciyawa na kashe ta ba tare da ya taɓa ta ba. Maganin ya kawar da ciyayin cikin hatsi, ƙwarin da ke rayuwa a kansu suka ɓace, 'yan tsaki kuwa a makonninsu na farko ƙwari ne abincinsu. Wannan binciken ya fi duk wani abu da harkar farauta ta ba ilimin muhalli daraja, domin ya fayyace abin da ke damun sauran tsuntsayen gona.

Hanyoyin gyaran muhalli

Daga binciken aka fito da dabaru biyu a shekarun 1980. Ta farko, a taƙaita feshi a 'yan mitocin bakin gona domin ciyayi da ƙwari su tsira. Ta biyu, wadda aka ƙirƙira tare da Jami'ar Southampton, a tayar da doguwar kunya a tsakiyar gona a shuka mata ciyawa mai tushe. Ƙwari masu cin ƙwarin hatsi suna yin hunturu a ciki, makwarwa kuma ta yi sheƙa. Dukansu sun shiga tsarin tallafin da gwamnati ke ba manoma. Ana kuma shuka masara, gero ko dangin kabeji a bar su ba girbi, a rataya mazuban alkama, a gyara shinge, a sare hanyoyi cikin kurmi don rana ta kai ƙasa.

Gonar Loddington da ke Leicestershire, mai faɗin hekta 300 da ɗoriya, ita ce misalin da aka fi kawowa. An fara aiki a 1992 da gyaran muhalli, ciyarwar hunturu da rage yanyawa da hankaki. Kafin 2001 ƙananan tsuntsaye masu waƙa sun ninka. Da aka daina rage maharan a 2001, aka kuma daina ciyarwa a 2006, yawansu ya sauka. An dawo da harbi a 2011.

Tuddai

A tuddai ana ƙona wani gajeren tsiro mai suna heza kashi-kashi, don kazar tudu ta sami sabon toho da tsohon maɓoya kusa da juna. Gwajin da aka yi a Otterburn, a arewacin Ingila, daga 2000 zuwa 2008 ya nuna cewa tsuntsayen fadama masu sheƙa a ƙasa sun fi raya 'ya'ya, kusan ninki uku, inda ake rage yanyawa da hankaki.

Saɓani

Ana sakin fizan da makwarwa na kiwo miliyoyi gommai kowace shekara, kuma masu suka na cewa yawansu na lalata tsirran kurmi, yana kuma ƙara wa yanyawa abinci. Ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB na danganta ƙarancin wani shaho mai shawagi ƙasa-ƙasa da kisan ɓoye a tuddan farauta. Binciken da aka yi a tuddan Langholm na Sikotlan a shekarun 1990 ya nuna cewa shahon, idan ya yi yawa, yana iya durƙusar da harbin kora. A 2021 Ingila ta taƙaita ƙuna a kan zurfafan ƙasa mai ruɓaɓɓun tsirrai a wuraren da ke da kariya, Sikotlan kuma ta wajabta lasisi ga gandayen kazar tudu a 2024. Harsashin dalma an hana shi a harbin agwagin ruwa a Ingila tun 1999.